Hatsari Biyu a Kan Sunana

A shekarar da fari ya koro mutanen ƙauye zuwa cikin Damagaram, ina tuƙa wa wani Alhaji mota. Bakano ne, amma ya daɗe a garin, yana da rumfa a kasuwa inda yake cinikin fatu da ƙiraga, yana kuma shigo da garin rogo daga Najeriya idan hanya ta samu. Motar bashe ce, irin ƙaramar a-kori-kura mai rufin tamfol a baya, kuma shekara shida tana hannuna. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har aji shida, ina karanta Faransanci daidai gwargwado, shi ya sa duk takardun motar a wurina suke: farmi, wato izinina na tuƙi, da katin mota, da takardar asiransi, wadda Alhaji ke kira inshora irin na mutanen Kano.

Gidana a Birni yake, ɗaki biyu da zaure. Kafin wannan shekara ni da matata da yaranmu ne kawai. Da gero ya ƙone a gona tun bai kai gwiwa ba, sai Inna, ƙanwar mahaifiyata, ta taso daga Zermu da surukarta da jikoki. Bayansu wasu suka biyo. Zaure ya zama ɗakin kwana. Matata tana jiƙa ƴaƴan anza na daji kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita, ta haɗa da ɗan abin da na kawo. Albashin Alhaji da tiyar garin rogo da yake ba ni duk Juma'a, su ne suka riƙe gidan nan gaba ɗaya.

Hatsarin farko nawa ne, ban taɓa musu ba. A hanyar Dogo wani raƙumi da yunwa ta gigita ya faɗo mini titi, na kauce masa na daki kututturen gawo. Ba wanda ya ji ciwo. Asiransi suka biya gyara, Alhaji ya yi mako guda yana faɗa, magana ta wuce.

Na biyun ne ba nawa ba.

Alhaji yana da babban ɗa, magidanci ne da iyalinsa, ya kusa shekara talatin. Sau biyu ya je jarrabawar tuƙi ya faɗi, amma a ganinsa ya fi ni iya mota. Wata Juma'a da safe, ba na nan, ya ɗauki makulli a rumfa ya nufi Zermu, don ya ji shanu na mutuwa a can, fata ta yi arha kamar kyauta. A kan hanyarsa ta dawowa, bai yi nisa da garin ba, ya hau wani mai amalanke ta baya. Jakin ya mutu nan take. Mutumin ya karye a ƙugu.

Daga masallaci Alhaji ya ɗauke ni a motar wani abokinsa. Mun riga jandarman Mirya isa wurin. Na tarar da bashe ta karkace a gefen hanya, fitila ɗaya ta fashe, fatun da ya sayo sun zube suna wari, ƙudaje sun rufe su. An kwantar da mai amalanken a inuwar wata ƙaya. Na san shi. Gonarsu na maƙwabtaka da ta kakannina, tun ina yaro yake kirana da sunan mahaifiyata.

Alhaji ya ja ni bayan motar.

"Kai ne ka tuƙo," ya ce.

"Alhaji, ai daga masallaci ka ɗauko ni."

"Na sani. Saurara. In jandarma suka rubuta shi, ba shi da takarda, inshora ba za su biya komai ba, shi kuma su ɗaure shi. Kai kana da takarda. Su rubuta, a kai mutumin nan asibiti, inshora su biya, shi ke nan."

Ya dube ni daga sama har ƙasa, sannan ya tambaye ni, a hankali, kamar mai tambayar lafiya: "Mutum nawa ne a gidanka yanzu?"

Bai ƙara komai ba, ban kuma buƙaci ƙari ba.

Da jandarma suka iso, na ce ni ne. Mutanen garin suna tsaye kewaye da mu, duk sun ga wanda ya fito daga mazaunin direba, amma ba wanda ya buɗe baki. Mutumin ƙauye ba ya son doguwar magana da jandarma, kuma Alhaji ya riga ya yi alkawarin buhunan gari. A kan bonet ɗin motar aka shimfiɗa konsta, takardar da suke rubuta yadda hatsari ya auku, na sa hannu. Mai amalanken yana kwance yana kallona. Ɗan Alhaji kuwa yana can gefe yana tattara fatunsa.

Labari ya riga ni zuwa gida. Da na gaishe da Inna washegari, ta juya fuska bango. Na sake gaishe ta.

"Na ji," ta ce. "Ɗan ƴar'uwata ya zama mai ɗaukar laifin ƴaƴan masu kuɗi. An karya mutumin garinmu, kai ka tsaya ka shafe sawun wanda ya karya shi."

"Inna, ai ta haka ne za a biya masa magani."

"Kada ka ba ni labari. Ba don shi ka yi ba."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa abin ya ƙona ni. Na ce mata, a gaban surukarta, tuwon da take ci a gidan nan daga wannan sa hannun ya fito. Ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta. Kwana biyu ba ta ci komai ba, sai da matata ta durƙusa mata tana kuka. Daga ranar muna gida ɗaya, tana cin abincina, ba ta amsa gaisuwata.

Bayan kamar wata biyar lokacin sabunta asiransi ya zo. Na je tsohon bironmu, wato ofishin asiransi, kamar kullum, suka ce bana kuɗin ya hau, tunda motar ta yi hatsari biyu, ɗaya har da rauni. Na kawo wa Alhaji labari a rumfa. Ya buga tafi a cinya.

"Shekara nawa suna cin kuɗina ba su ba ni ko allura ba? Yanzu don sun gyara fitila za su yanka ni?"

"Sun biya asibiti ma, Alhaji."

"Na tambaye ka?"

Ya ji an buɗe wani sabon biron asiransi a bakin babban titi. Ya yanke shawara a can za a yi. Ni da ɗansa za mu je, shi zai sa hannu a madadin uban, ni in karanta masa takarda.

"In sun tambaya, motar nan ba ta taɓa ko kaza ba," in ji Alhaji.

"Za su nemi takarda daga tsohon biro."

"Ka ce ta ɓace. Ka ce motar ajiye take, sai yanzu za ta fara aiki. Kai da ka yi lakwal, ni zan koya maka magana?"

Muka je da hantsi. Zafin bazara ne, an ɗauke wuta, fankar da ke sama tana tsaye cak. A kusurwa akwai randar ruwa da murfi da kwaɗo, don a lokacin ruwa a Damagaram ya fi komai tsada, ba kowa ake ba ba. Ma'aikacin da ke karɓar mutane wani siriri ne mai tabarau, yana zaune bayan keken rubutu. Bahaushe ne kamar mu, na ji yana waya da Hausa lokacin da muka shigo, amma da ya ga babbar rigar ɗan Alhaji da hularsa ta Kano, sai ya juya harshe zuwa Faransanci. Ya san sarai ba ya ji. So yake in yi tafinta, shi kuma ya kalle mu muna fama.

Ya zaro takardar tambayoyi. Sunan mai mota, lambar mota, aikin da take yi, wanda ke tuƙa ta. Duk na amsa. Sai ya ɗora bakin alƙalami a kan wani layi kusa da ƙasa, ya karanta a hankali. Na fassara wa ɗan Alhaji: a shekara ukun da suka wuce, motar ta yi hatsarin da asiransi suka biya? Sau nawa, wa ke tuƙi, an ji ciwo ko ba a ji ba?

"Babu," in ji ɗan Alhaji, ko ƙifta ido bai yi ba.

Ma'aikacin ya juyo gare ni, karo na farko da Hausa. "Kai fa, direba?"

"Abin da maigida ya faɗa, Mushe," na ce, ina kiransa yadda ake kiran ma'aikaci da Faransanci.

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Na sunkuyar da kai. Ya tashi, ya fita waje ba tare da ya ce mana komai ba. Ta taga na gan shi yana zagaya bashe. Ya tsaya a gaba, ya shafa gefen da aka sake wa ƙarfe, inda fentin bai yi daidai da na sauran jikin ba, ya leƙa sabuwar fitilar. Ya dawo yana goge yatsunsa da hankici, ya karɓi farmina ya kwafi lamba, ya ce mu dawo gobe.

A hanya ɗan Alhaji ya ce da ni, "Da ka ce babu kawai, da yanzu mun gama. Wane irin abin da maigida ya faɗa?"

"Ban ƙaryata ka ba."

"Fuskarka ta ƙaryata ni."

Washegari muka tarar da mutane a biron, masu manyan motoci biyu da wani malamin lakwal, duk suna jira a benci. Ma'aikacin bai bari layi ya zo kanmu ba, ya kira mu. A gabansa akwai wata takarda mai hatimin tsohon bironmu. Garin ba shi da girman da za a ɓoye irin wannan, ma'aikatan biro-biron nan duk sun san juna. Ya karanta ta da ƙarfi da Faransanci, sannan ya maimaita da Hausa don kada wani a benci ya rasa: hatsari biyu, na Dogo da na Zermu, mutum ɗaya ya karye, jaki ya mutu. Direba a duka biyun, ya faɗi sunana cikakke, har da na mahaifina.

"Ku mutanen kasuwa kuna tsammani nan ma rumfa ce," ya ce wa ɗan Alhaji. "Da na rubuta babu ɗin nan taka, ka fita ka kashe mutum a hanya, ko dala ba za mu biya ba. Takardar ta zama banza, kai ka zama mai ƙarya a gaban shari'a. Ka gane, ko in sa a fassara maka?"

Ɗaya daga cikin masu manyan motocin ya yi dariya. Na ga wuyan ɗan Alhaji ya kumbura. Na ɗauka zai tashi ya fita. Sai ya gyara zama, ya sassauta murya, ya nuna ni da leɓe.

"Mushe, wallahi ban sani ba. Direban nan ne ke ɓoye mana abubuwa. Ya fita da mota, ya yi ɓarna, ya gyara a ɓoye. Mun gaji da shi, yau ɗin nan za mu sallame shi. Ka rubuta za a sa sabon direba, sai ka rage mana."

Na dube shi, shi ko kallona bai yi ba.

"Ni na ɓoye maka?" na ce. Muryata ta fito ƙasa-ƙasa, kamar ba tawa ba. "Ranar Zermu, ina nake?"

Ma'aikacin ya cire tabarau, ya ajiye a kan keken rubutu.

"Me ka ce, direba?"

Ɗan Alhaji ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur, da ƙarfi, har sai da farcena ya tsage.

Ma'aikacin ya jira. Da ya ga ban ci gaba ba, ya ce, "In akwai wata magana a kan konsta, ba ni za ka gaya wa ba, jandarma za ka gaya wa. Sai dai ka sani, wanda ya sa hannu a kan ƙarya shi ake fara kamawa. Farminsa ake fara karɓewa."

Ya gane komai. Kuma ba don tausayi ya gargaɗe ni ba, na gani a idonsa. Ba ya son aikin da zai ja masa zirga-zirga, kuma a wurinsa ni da ɗan Alhaji duk tarkace ɗaya ne. Na tuna zaurena cike da tabarmi. Na ce, "Ba komai, Mushe."

"Na yi tsammani." Ya mayar da tabarau. Sannan ya juya ga ɗan Alhaji. "Ka kore shi ko ka bar shi, ruwanka. Hatsarin na motar ubanka ne, yana cikin dosiyen takardunta. Ko mala'ika ka kawo ya tuƙa, kuɗin ba ya sauka."

Ya turo mini takardar da alƙalami, ya ce tunda na iya rubutu in cike layin da hannuna. Na rubuta biyu. A gurbin direba na rubuta sunana, na sake rubuta shi a ƙasa. Ɗan Alhaji ya sa hannu. Kuɗin da aka yanka masa ya ma fi na tsohon biro, kuma ba damar komawa can, don sun riga sun ji abin da muka zo yi.

Muna shiga mota ya fara. Ya ce ni na tona musu asiri, ni na ja musu asara, butulu, ɗan ƙauye, wanda ba don gidansu ba da yanzu danginsa na tonon gidan tururuwa. Na bar shi yana yi har muka kusa shataletalen da ƴan sanda ke tsayawa. Nan na taka birki, na kashe mota, na zare makulli na miƙa masa.

"Tunda an sallame ni, ga motarku. Ka ƙarasa da ita."

Ya dubi makullin, ya dubi ƴan sandan da ke gabanmu suna duba takardun wani mai taksi. Motocin baya suka fara oda.

"Tada motar nan," ya ce ta cikin haƙora.

"Ai ka fi ni iyawa."

"Na ce ka tada!"

Sai da wani ɗan sanda ya fara takowa wajenmu na mayar da makulli. Wannan ce kaɗai ramuwar da na samu, kuma ba ta kai minti biyu ba.

Alhaji bai kore ni ba. Na yi tsammanin zai yi, har na gaya wa matata ta shirya. Amma shi ya fi ɗansa lissafi. Direban da ya san abin da na sani, gara yana kusa da ido. Ni ma ba inda zan je. Haka muka riƙe juna, kowa na ƙin kowa. Ya daina amsa gaisuwata, sai dai ya ɗaga hannu ya nuna inda za a kai kaya. Tiyar garin Juma'a ya yanke ta, ya ce ƙarin inshora ya cinye. Da na ce masa, "Alhaji, ka san dai wanda ya ja ƙarin nan," sai ya ce, "Na san abin da ke cikin takarda. Kai ka rubuta da hannunka, an gaya mini."

Ɗan kuwa kusan kullum yana gefena a gaban mota, mu je Dogo, mu je Mirya, mu kwaso fatu, ba mai ce wa wani kanzil. In yana son in tsaya sai ya buga ƙofar motar da tafin hannu. A tasha ya baza cewa ni direba ne mai hatsari, na karya mutum a Zermu. Lokacin ana neman direbobin manyan motocin da ke kai jar dawar agaji ƙauyuka, aiki mai kyau, har da rabon hatsi. Na je da farmina. Mai ɗaukar mutane ya duba sunan, ya ce, "Kai ne na Zermu?" Ya miƙo mini abina ya kira na bayana.

Mai amalanken ya fito daga asibiti da sanda, ƙafa ɗaya ta gajarce. Kafin ya koma gida ya biyo ta Birni don ya gaida Inna. Na dawo da la'asar na tarar da shi a zaurena, an ba shi ruwa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, yaya jiki?"

"Jiki ga shi kana gani," ya ce. "An biya magani, ban ce ba a biya ba. Jakina ne ba wanda ya yi maganarsa."

"Zan yi wa Alhaji magana."

"A'a. Kai me ya haɗa ka da Alhaji a maganar nan? Kai ka buge ni. Haka gwamnati ta rubuta."

Inna tana daga ƙofar ɗaki tana ji. Ya dogara sandarsa ya miƙe, na kai hannu in taimake shi, ya janye kafaɗarsa.

Da damina ta gaba ta kankama, mutanen gidana suka fara komawa. Na roƙi Alhaji aron bashe rana ɗaya in kai Inna da kayanta, ya yarda da sharaɗin in zuba mai da kuɗina. Na kawo motar har bakin lungu. Inna ta fito da ƙullin kayanta a ka, ta wuce ta gefen motar kamar ba ta gan ta ba, jikokinta na biye, suka tafi tasha a ƙasa. A bayan wata babbar mota ta koma Zermu, a kan buhuna, cikin rana.

Na ƙara wata huɗu a wurin Alhaji, har gero ya shigo kasuwa farashi ya sauka. Wani mai taksin Mirya da idonsa ya fara rauni ya ce in riƙa tuƙa masa, bai tambaye ni komai ba. Ranar da zan bar aiki na je rumfa da safe, lokacin da abokan cinikin Alhaji suka cika ta. Na ɗora makulli da katin mota da takardar asiransi a kan tarin ƙiraga, na ce na gode. Alhaji ya ce wa na kusa da shi ya duba ko takardun sun cika. Ya duba, ya ce sun cika. Na fita.

Bayan shekaru Alhaji ya rasu a nan Damagaram. Na je jana'iza, don shekara bakwai na ci abincinsa, na tsaya a sahun baya. Da aka dawo daga maƙabarta mutane suka yi layi a ƙofar gida suna yi wa babban ɗan ta'aziyya, yana zaune a kan darduma ya yi furfura. Na yi wa mamacin addu'a daga inda nake tsaye, na nemi takalmana na koma tasha, don akwai fasinja a mota suna jirana.